Ikon Allah Ba Na Sayarwa Ba Ne: Kira Ga Kiristocin Arewa Mazauna Legas

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda kuɗi suka shiga tsakanin mai bi da Ubangijinsa a majami'un wannan zamani, musamman a nan Legas inda nake zaune da iyalina. Ni Kirista ne ɗan Arewa, da Hausa nake karanta Littafi Mai Tsarki, kuma na daɗe ina hidima cikin dattawan wata ƙaramar ikilisiya da ke yin sujada da Hausa a yankin Agege. Na san mafi yawan masu karanta jaridar nan 'yan'uwanmu Musulmi ne, na kuma san akwai Kiristocin da za su ce bai kamata a tona asirin cikin gida a bainar jama'a ba. Sai dai asirin ya riga ya tonu da kansa, yana kan allunan talla na bakin titi, yana talabijin, yana cikin wayar kowa, kuma mutanen da na fi so maganar ta kai gare su, wato masu gadi da 'yan acaɓa da 'yan dako da matan bariki, da Hausa suka fi fahimtar zance.

An cusa wa talakawan masu bi koyarwa guda biyu waɗanda ba su da tushe a cikin bangaskiyarmu. An ce musu yawan dukiyar mai wa'azi shaida ce ta yawan ikon da Allah ya ba shi, an kuma ce musu mutum zai iya samun rabonsa daga wannan iko idan ya biya kuɗi. Koyarwar biyu suna ciyar da juna, domin kuɗin da mabiya suka zuba yau don neman iko su ne za su zama motoci da gidajen da za a nuna musu gobe a matsayin hujjar cewa mutumin yana da iko, sai su ƙara zubawa.

Duk wanda ya bi babbar hanyar Legas zuwa Ibadan ya san abin da ake nufi da dukiyar coci. A kilomita 46 akwai sansanin cocin Redeemed, wanda ya zama gari guda mai rukunin gidaje da bankuna da makarantu da wutar lantarkinsa ta kansa, alhali cocin ta faro ne a 1952 a hannun Josiah Akindayomi da mutane ƙalilan. A Ota ta Jihar Ogun, dab da iyakar Legas, akwai majami'ar Winners mai ɗaukar mutum 50,000 wadda aka buɗe a 1999, kuma mutanen Kaduna za su tuna cewa a garinsu wannan coci ta yi ƙuruciyarta a shekarun 1980. A Gbagada kuma, Deeper Life, wadda ta soma da mutum 15 masu nazarin Littafi Mai Tsarki a 1973, ta buɗe majami'a mai kujeru 30,000 a 2018. Ban kawo waɗannan sunaye don in tuhumi kowa ba, koyarwarsu ma ba iri ɗaya ba ce, kuma taro mai yawa dole ya nemi rufi mai faɗi. Abin da ya fi damuna shi ne dubban masu kwaikwayo da suka cika unguwanni, cikin shaguna da tsofaffin ɗakunan ajiye kaya da saman benaye, waɗanda suka hangi girman gini da jerin motoci suka ɗauka cewa wannan shi ne aikin Allah. Tun a 2011 mujallar Forbes ta Amurka ta jera fastocin Najeriya biyar da ta ce sun fi kowa kuɗi, ta ƙiyasta dukiyar na farkonsu a kan dala miliyan 150. Ƙiyasi ne kawai, amma saurayin da ya gama makaranta ya rasa aikin yi, idan ya ji irin wannan adadi, ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya sayi lasifika ya kama hayar shago.

Wannan koyarwa baƙuwa ce a ƙasarmu. Daga Amurka ta taso, daga bakin masu wa'azi irin su Oral Roberts, wanda ya yaɗa maganar shuka irin bangaskiya, wato ba da kuɗi don a girbi albarka, da Kenneth Hagin, dukansu a birnin Tulsa. Wanda ya fi kowa ba ta gindin zama a Najeriya shi ne marigayi Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998, kuma aka san shi da cewa Allahnsa ba matalauci ba ne. Ta kuwa zo daidai da lokacin da ƙasa ta shiga matsi. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Babangida ta kawo a 1986, naira ta faɗi, masana'antu suka rufe, ma'aikata suka rasa abin yi, asibitin gwamnati ya koma wurin da ake rubuta wa mutum magani ya je ya saya. Wanda aka toshe wa kowace hanya, idan aka ce masa ga wata a buɗe in dai zai biya, da wuya ya tsaya tambaya.

Halin da ake ciki yau ya fi na wancan lokaci tsanani. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 a Najeriya suna cikin talauci ta fuskoki da dama, sannan aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin abinci da na mota suka yi tashin gwauron zabi. Mu kuwa Kiristocin Arewa da ke Legas yawancinmu masu ƙaramin ƙarfi ne. Wasu sojoji ne da 'yan sanda a barikokin Ikeja da Ojo da Obalende, wasu masu gadi ne a gidajen masu hali, wasu 'yan dako ne a kasuwar Mile 12, wasu kuma rikicin Boko Haram ne ya raba su da gonakinsu a Chibok da Gwoza da Michika, suka kama acaɓa, sai gwamnatin jiha ta hana sana'ar a manyan sassan birni a 2020, ta sake tsaurarawa a 2022. Irin waɗannan mutane, masu rayuwar hannu baka hannu ƙwarya, su ne ake kira su fito gaba da ambulan.

Akwai wani saurayi ɗan ikilisiyarmu, mai gadi ne a wani gida, matarsa tana fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya daɗe yana tara kuɗin hayar shekara, domin masu gidaje a Legas ba sa karɓar na wata-wata. Wani abokin aikinsa ya kai shi addu'ar kwana a wata coci, inda can wajen tsakar dare mai wa'azi ya ce Ruhu ya nuna masa akwai wanda matarsa ba ta da lafiya, kuma warkarwarta tana ɗaure da sadaukarwar da za ta yi wa mutum ciwo. Aka fara kira daga masu naira 100,000, aka sauko 50,000, aka sauko 20,000, ga 'yan mata tsaye da na'urar POS saboda waɗanda ba su zo da tsabar kuɗi ba. Yaron nan ya fito ya juye kuɗin hayarsa, aka ba shi 'yar kwalbar mai ya kai gida. Matar ba ta warke ba, wa'adin haya ya cika, mai gida ya fitar musu da kaya. Da ya koma neman bayani, aka ce masa shakkar da ke zuciyarsa ce ta kashe irin da ya shuka. Ranar da ya zo wurina, ya zauna a bakin ƙofa yana jujjuya hularsa a hannu, bai yi mini kukan kuɗin ba ko kaɗan, abin da ya tambaye ni shi ne, "Baba, ko dai Allah ya ƙi ni ne?" Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiyarmu, ta yi karo-karo aka kai matar asibiti, aka kuma samar musu ɗaki. Kuɗi an mayar da wani abu daga ciki, amma amincewar da yake da ita cewa Allah yana jin addu'ar talaka, har yanzu muna fama da shi a kan maido da ita. Wannan ɓarna ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wannan magana ba. A sura 3 ta Ayyukan Manzanni, Bitrus da Yahaya sun tarar da wani gurgu tun haihuwa yana bara a ƙofar Haikali. Bitrus ya gaya masa a fili cewa ba shi da azurfa ko zinariya, amma zai ba shi abin da yake da shi, ya umarce shi da sunan Yesu Almasihu ya tashi ya yi tafiya, ya kuwa tashi. Abin lura a nan shi ne ikilisiyar Urushalima ba ta rasa kuɗi ba a lokacin. Sura 2 da sura 4 sun nuna masu bi suna sayar da gonaki da gidaje suna kawo kuɗin gaban manzanni, ana rabawa gwargwadon bukatar kowa, har ya zama babu mai rashi a cikinsu. Ke nan dukiya mai yawa tana bi ta hannun Bitrus, amma ba ta maƙale a aljihunsa ba, shi ya sa ya iya duban mabaraci ido da ido ya ce ba shi da ko anini, ba tare da ya yi ƙarya ba. Bai kuma ce wa gurgun ya fara shuka iri daga sadakar da ya tara a ranar ba.

A sura 8 kuma an ba da labarin Saminu mai sihiri na Samariya, wanda ya ga ana karɓar Ruhu Mai Tsarki ta wurin ɗora hannun manzanni, sai ya miƙa musu kuɗi don su ba shi wannan iko. Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa, tun da ya zaci ana samun baiwar Allah da kuɗi. A wancan zamani mai saye ne ya kawo tayi, manzo ya tsawata masa. A zamaninmu mai wa'azi ne yake yanka farashi, ya kuma tsawata wa wanda ya kasa biya. Tun kafin wannan, a Littafin Sarakuna na Biyu sura 5, Na'aman shugaban sojojin Suriya ya zo wurin annabi Elisha da talanti 10 na azurfa da shekel 6,000 na zinariya da riguna 10 na ado, yana neman a warkar da shi daga kuturta. Ya warke a Kogin Urdun, ya roƙi annabi ya karɓi kyauta, Elisha ya rantse ba zai karɓi komai ba. Bawansa Gehazi ne ya bi bayan baƙon a ɓoye, ya shirya ƙarya da sunan maigidansa, ya karɓi talanti biyu da riguna biyu, kuturtar Na'aman kuwa ta koma kansa. Elisha ba ya ƙin kyauta a kowane hali, domin ya sha cin abinci a gidan mace mai arziki ta Shunem, har ta gina masa ɗaki. Abin da ya ƙi shi ne baƙon nan ya koma ƙasarsa da tunanin cewa ya biya kuɗin warkarwa. Yesu da kansa, sa'ad da ya aiki almajiransa su warkar da marasa lafiya a Matiyu sura 10, ya ce musu kyauta suka samu, kyauta za su bayar.

Idan har dukiya ce ma'aunin bangaskiya, ina so masu wannan koyarwa su gaya mana matsayin 'yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilun 2014 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi gudun hijira zuwa Jos, aka ƙone majami'unta masu yawa. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika bayan an sace shi, kuma duniya ta ga bidiyon da ya yi magana cikin natsuwa yana miƙa al'amarinsa ga Allah. Shin waɗannan mutane zakka ce, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da Kirista ya samu, ba su biya ba, ko iri ne ba su shuka ba? A Wahayin Yahaya an aika wa ikilisiyar Simirna cewa an san wahalarta da talaucinta, amma ita mai arziki ce, aka kuma aika wa ta Lawudikiya, wadda take taƙama ta wadata ba ta bukatar komai, cewa ita ce matalauciya, makauniya, tsirara. Yawancin 'yan gudun hijirar da ke zaune a kujerun baya na majami'unmu a Legas sun ga abin da fasto mai jirgin sama bai taɓa gani ba, suka fito da bangaskiyarsu, kuma abin kunya ne a tsaya a gabansu a ce rashin kuɗi alamar rashin tagomashi ce a wurin Allah.

Kada a ɗauka ina yabon talauci. Ibrahim mai dukiya ne, Ayuba ma haka, Lidiya mai sayar da tufafi masu tsada ita ce ta sauki Bulus a Filibi, kuma a kabarin attajiri Yusufu na Arimatiya aka sa jikin Ubangiji. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa masu shelar bishara su ci daga bishara, ya kuma gaya wa Timoti cewa ma'aikaci ya cancanci ladansa. A cikin wasiƙar nan ce dai ya gargaɗe shi game da masu ɗaukar ibada hanyar samun riba, ya ce son kuɗi shi ne tushen kowace irin mugunta. A nan kuwa ikilisiyoyinmu na Arewa suna da nasu laifin, wanda ba za mu ɗora wa kowa ba. Mai bishara yana can ƙauye da mata da 'ya'ya, albashinsa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, wani lokaci ma sai ya yi watanni bai gan shi ba, idan ya tsufa ya bar gidan coci ba shi da wurin zuwa. Ɗan da ya tashi a irin wannan gida, ya ga uwarsa tana cin bashin hatsi, idan ya zo Legas ya ga ana buɗe wa wani fasto ƙofar mota, ba abin mamaki ba ne ya yanke hukuncin cewa ubansa ne ya yi kuskure. Rowar da muke yi wa bayin Allah na gaskiya tana cikin abin da ke tura yaranmu hannun 'yan kasuwa.

Ya kamata mu tuna inda muka fito. A nan Legas ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Disambar 1893 da niyyar shiga ƙasar Arewa, kuma kafin ƙarshen 1894 biyu daga cikinsu sun mutu da ciwo. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. EYN ta faro ne da sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Turawan mishan ba mala'iku ba ne, suna da kurakuransu, kuma da kuɗin ƙasashensu suka yi aiki, amma ana iya nuna inda kuɗin suka shiga: asibitin Vom, asibitin ido na Kano, wurin jinyar kutare a Garkida, makarantu, da fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa wadda ta fito cikakkiya a 1932. Iyayenmu masu bishara kuma da fartanya suka shiga ƙauyuka, suna noma abincinsu da rana suna koyar da karatu da dare a hasken aci-bal-bal. Da yawa daga cikin manyan ƙasar nan 'ya'yan talakawa ne da suka yi karatu a makarantun mishan da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yau manyan coci-coci, har da namu na Arewa, suna da jami'o'i, kuma na yarda gudanar da jami'a yana cin kuɗi, amma matar da ta ɗauki bulo a ka ranar aikin gayya, ta kuma ba da baikon gini, wato gudummawar kuɗi a coci, shekara da shekaru, tana da hakkin ta tambaya ko an ware wa 'ya'yan irinta gurbi nawa.

Maganar zakka ita ce sandar da aka fi dukan talaka da ita. Kullum Malakai sura 3 ake karantawa, a tsaya a kan la'ana da tagogin sama. Da wuya ka ji an karanta Maimaitawar Shari'a sura 14, inda aka ce a ƙarshen kowace shekara uku a tara zakkar a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Ke nan a shari'ar Musa kanta gwauruwa tana cikin masu cin zakka. Ana kuma yawan kafa hujja da gwauruwar da ta zuba anini biyu a Markus sura 12, a manta cewa ayar da ta zo dab kafin labarin gargaɗi ce a kan malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Ni ina ba da zakka, ina kuma koya wa 'ya'yana su bayar, domin godiya ce ga Allah kuma da ita aikin ikilisiya yake tafiya, amma Bulus ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. A Oktoban 2024 Fasto Enoch Adeboye ya fito a gaban taron matasan cocinsa ya nemi gafara a kan furucin da ya taɓa yi cewa wanda ba ya biyan zakka ba zai shiga sama ba, ya ce wannan ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Ya kyauta, kuma dattaku ne. Saura ƙananan masu wa'azi da suka ɗauki furucin farko suka yaɗa, waɗanda har yau ban ji sun ɗauki na biyun ba.

Wanda bai taɓa zama ƙirgar baiko ba, ba zai san nauyin kuɗin coci ba. A ikilisiyarmu, bayan an tashi sujada, mukan juye jakunkuna a kan teburi a gaban ma'aji da dattawa biyu da wakiliyar Zumuntar Mata. Abin da ke zubowa yawanci naira 100 ne da 200, tsofaffi, a dunƙule, wasu an liƙe su da salatif, wasu suna ƙanshin albasa, wasu suna warin fetur, har kana iya gane sana'ar mai su. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an warware kafin a ƙirga, a rubuta a littafi, kowa ya sa hannu. Duk wanda ya warware irin waɗannan takardu da yatsunsa, hannunsa zai yi nauyi kafin ya sa hannu a fitar da su don sayen abin da bai zama dole ba. Bulus ma da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba. A Korantiyawa ta Biyu sura 8 ya ce an haɗa su da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu, don kada kowa ya sami abin zargi, domin yana so ya yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Idan manzo ya nemi a sa masa ido, ban ga dalilin da wani zai ce tambayarsa lissafi taɓa shafaffe na Ubangiji ba ne.

Sau biyu gwamnati ta gwada shiga wannan fage. A Janairun 2017 hukumar kula da rahoton kuɗi ta nemi aiwatar da ƙa'idar da ta taƙaita wa'adin shugabannin ƙungiyoyin da ba na riba ba, aka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da ƙa'idar, aka kuma sauke shugaban hukumar, Jim Obazee. A Agustan 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni ta CAMA, wadda sashenta na 839 ya ba hukumar rajistar kamfanoni damar dakatar da amintattun ƙungiya a wasu halaye, ƙungiyar Kiristocin Najeriya ta CAN kuwa ta ƙi amincewa. Na fahimci tsoron, domin mu da muka san wahalar samun takardar filin coci a wasu jihohin Arewa ba za mu so a miƙa wa jami'in gwamnati makullin majami'a ba. Amma wanda ya ce kada na waje ya bincike shi, wajibi ne ya buɗe littafinsa ga na ciki. Ƙin bincike daga waje da ƙin bincike daga ciki a lokaci guda, shi ne ke sa jama'a zargin cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Shugabannin bishara na duniya ma, a taron ƙungiyar Lausanne da aka yi a Cape Town a 2010, sun fito fili sun ce koyarwar da ke mayar da albarkar Allah abin ciniki ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki, kuma malaman tauhidi na Afirka ne suka share fagen wannan matsayi a zaman da suka yi a Akropong ta Ghana.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu mabiya muna son gajeriyar hanya, kuma ikilisiyoyinmu masu sujada da Hausa a Legas sun fara kwaikwayon abin da suke suka. Ranar godiya ta koma gasar masu kuɗi, ana kiran suna da adadi a lasifika, mai ƙaramin ƙarfi yana sunkuyar da kai. Ana gayyato babban baƙo daga wata uwa duniya a zaunar da shi a kujerar gaba, ba a tambayi inda ya samo dukiyarsa ba, dattijon da ya share majami'ar da asuba kuwa a ce ya matsa baya, alhali Yakubu sura 2 ta kwatanta wannan hali daidai, ta kuma kira shi zunubi. Idan zaɓe ya matso, 'yan siyasa sukan zo da ambulan mai kauri, a ba su bagade su yi magana, bayan haka bakin fasto ya mutu a kan duk abin da suka aikata. Ikilisiyar da ta karɓi kuɗin azzalumi ta sayar da ikonta na tsawata masa, kuma wannan iko ne da iyayenmu matalauta suke da shi.

Saboda haka ina kira ga majalisun dattawa na ikilisiyoyinmu a Agege da Idi-Araba da Obalende da Ojo da sauran unguwanni su riƙa karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a a kai a kai, su kuma liƙa shi a allon sanarwa yadda mai gadi zai iya tsayawa ya duba. A ware wani kaso sananne na baiko domin gwauraye da marayu da marasa lafiya, musamman matan sojojin da mazansu suka mutu a bakin daga waɗanda ake ba wa'adin barin gidan bariki, a kuma damƙa shi a hannun amintattun da jama'a suka zaɓa, kamar yadda manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai a sura 6 ta Ayyukan Manzanni sa'ad da aka yi ƙorafin ana manta wasu gwauraye wajen rabo. A daina kiran adadin kuɗi a lasifika. Kowace ikilisiyar birni ta ɗauki nauyin albashin mai bishara ɗaya a ƙauye, ta kuma tabbatar yana isa hannunsa a kan lokaci. Fastocinmu su koyar da wannan magana a fili da Hausa, domin yaranmu suna jin ɗaya ɓangaren dare da rana a Facebook da TikTok, mu kuwa muna jin nauyin ambatar kuɗi sai ranar da muke neman su.

Gare ka kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka na Legas ya zagaya majami'un da ke sujada da Hausa a barikoki da unguwanni, ya ji ta bakin masu gadi da matan Zumunta a kan abin da suke bayarwa da abin da ake yi musu alkawari, ya kuma ba fastocin da ba su yarda da ni ba fili su kawo hujjarsu daga Littafi Mai Tsarki, a buga a wannan shafi kowa ya karanta. Na gode da ba ni wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani dattijon ikilisiya,
Agege, Legas.